Cokalin da ke Aljihun Mama

Jiya na ga ɗana, da furfurarsa da komai, ya ɗanɗana kunu kafin ya ba jikarsa. Nan take Mama ta faɗo mini a rai.

Ita ce shugabar nas-nas a asibitinmu na Zuru a shekarun saba'in, duk mu ma'aikata Mama muke ce mata. Kullum akwai cokali a aljihun farar rigarta mai ƙamshin sitaci. Kunun majinyata ba ya shiga ɗaki sai ta ɗanɗana, ta lumshe ido. Takan ce, "Abin da ba zan iya haɗiyewa ba, ba za a ba mara lafiya ba."

Da aka zaɓe ni zuwa Ibadan karatun shugabancin nas-nas, na same ta a bakin kicin, tururin kunun tsamiya yana dukan fuskarta. Na ce ba zan je ba, don ban daɗe da yaye ɗana ba, mijina soja kuma yana can Gabas.

Ta ce, "Ɗiyata, ni da ka nake riƙe asibitin nan, ba wanda ya koya mini. Ke ki je ki koyo mana. Yaron kuwa, kawo shi gidana."

"Mama, ba ya cin abincin kowa."

"Zai ci nawa."

Da na dawo, na tarar ya yi ɓul-ɓul. Na miƙa masa kunu, ya kawar da kai, ya turo mini cokalin, wai sai na fara ɗanɗanawa.

Allah Ya jiƙanki, Mama. Yadda ba ki taɓa bari wani ya sha mai ɗaci ba, Ya shayar da ke mai daɗi.