Kafur a Ɗakin Inna

Ina shekara ta biyu da fara aiki a Dubai ɓarin jikin Inna ya shanye. Ni ce 'yar fari, don haka na ɗauko ta daga Kano. Da aka sallame ta daga asibiti likita ya ce kada a bar ta ita kaɗai, ni kuwa tun safe nake fita. Haka na kai ta wani gidan kula da tsofaffi, ina jin kunyar kaina kamar na yi sata.

Wurin bai karɓi Inna ba. Kullum a takure take, ga faɗa. A gidan akwai wata mata 'yar Filifin da ƙamshi ne aikinta. Tana yawo da tire cike da ƙananan kwalabe, ta ɗiga mai a wata 'yar na'ura mai fitar da tururi, ko ta murza wa tsofaffi a hannu, wai yana kwantar da hankali. Da farko na raina abin, sai da na ga wani tsohon Balarabe mai masifa yana gyangyaɗi bayan an murza masa. Inna dai ta shinshina ta yatsina fuska.

"Ke 'yar nan," ta ce da ni, don ba ta kiran sunana, "gaya mata wannan warin sabulun banɗaki ne. Ina turaren wuta?"

Turaren wuta kuwa an hana, saboda na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi. Sai matar ta ba ni shawara in nemo wani ƙamshi da Inna ta saba da shi a gida.

Nan take na tuna ɗaya. Ina ƙarama, wasu ranakun Inna kan dawo daga unguwa ta zauna a tabarma shiru, ni kuma in kwantar da kaina a cinyarta. Zanenta na da wani ƙamshi mai sanyi, mai ratsa hanci. Ban san sunansa ba, amma a wurina ƙamshin uwata ke nan. Ranar Asabar na hau abra, ƙaramin jirgin fito, daga Bur Dubai na tsallaka ruwa zuwa shagunan turare na Al Sabkha. Na yi ta shinshinar kwalabe har kaina ya fara sarawa, mai shagon yana cewa "shwaiya, shwaiya", wato in bi a hankali. Can sai ga shi. Wallahi sai da idona ya ciko. Mai shagon ya ce sunansa kafur.

Da hannuna na ɗiga shi a na'urar, ina ta rawar kai, ina jira a sa mini albarka. Inna ta ja numfashi, ta dube ni na ɗan lokaci, ta juya fuskarta bango. Faɗan ya tsaya cak. Ma'aikatan suka yi ta murna, wai magani ya yi aiki, ni ma na biye musu.

Sai dai daga ranar ta daina cin abinci. Kwana uku ruwa kawai take kurɓa. Na dafo tuwo da miyar kuka na kawo, ko kallon kwanon ba ta yi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata taurin kanta ne zai kashe ni. Likita ya fara maganar a zura mata robar abinci ta hanci. Tsoro ya kama ni sosai, don tana ramewa a kan idona.

Ran na huɗu da hantsi wata mai shara, 'yar Zongo daga Gana mai jin Hausa, ta turo ƙofa da tsintsiyarta. Ta tsaya turus.

"Innalillahi! Anti, wa ya rasu a nan?"

Na ce wace irin magana ce wannan, ba wanda ya rasu.

"To me ya kawo kafur? Ai da shi ake yi wa mamaci wankan ƙarshe."

Na san Inna ce ke wanke matan unguwarmu in sun rasu, shekaru da shekaru. Amma ba ta taɓa bari na leƙa ɗakin ba, ni kuma daga makarantar kwana na wuce jami'a. Ashe duk ranar da nake kwanciya a cinyarta, daga wankan gawa ta dawo. Ga digiri, ga wauta.

Na zare wayar na'urar, na durƙusa gaban gadon.

"Inna, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Ba abin da likita ya ce."

"Na zaci ya gaya miki kwanana ya ƙare, kika kasa faɗa mini da baki," in ji ta. "Ba mutuwar ce ta hana ni ci ba. Tunani na yi ta yi, a garin nan wa zai wanke ni? Na wanke matan mutane, tawa 'yar ko sunan kafur ba ta sani ba."

Na fashe da kuka. Ta ce in rufe mata baki, in miƙo kunu. Ta sha rabin kofi, ta huta, sannan ta nuna matashin kai da hannunta mai lafiya.

"Kwantar da shi nan. Wannan ni ce. Lulluɓe ni tukuna, ba a buɗe tsiraicin mamaci."

Na lulluɓe matashin da mayafina. Na kai hannuna ɓangaren hagu. Ta make ni a yatsu, da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Daga dama ake farawa. Sake. Kuma a hankali za ki juya ni, kin san ƙuguna ba ya son wasa."