Furanni Masu Fandisho

A danginmu kaf babu wanda ya tsani ganin ƙasa tsirara kamar ɗan kawunmu magini, wanda muke kira Kankare. Shekara talatin yana gini, kuma duk simintin da ya ragu a wurin aiki, gida yake kawo shi. Ya shafe tsakar gida, ya shafe ƙofar gida, ya shafe bayan banɗaki. An ce wata rana kaza ta daɗe tsaye wuri ɗaya, da ƙyar ta sha.

Da rana gidan tanda yake komawa. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Da babbar 'yarsu ta haihu, ta tafi taya ta reno na sati biyu, sai ga wata biyu. Ya buga waya, ta ce ita ba fushi take ba, amma a can akwai furanni a baranda, kuma ba za ta dawo ba sai abu mai rai ya tsiro a gidansa.

Washegari maƙwabta suka ji ƙarar guduma. Kankare ne yake fasa aikin hannunsa, yana yi yana ba simintin haƙuri. Ya buɗe wuri kamar faɗin tabarma, ya je kasuwa ya sayo irin furanni a 'yar takarda. Mai sayarwar ta ce masu sauƙi ne: ya barbaɗa a sama, ya rufe da ƙasa kaurin farce, ya yayyafa ruwa. Ya ce mata to, a ransa kuwa ya ce da irin wannan ha'incin ne benaye suke rushewa.

Ya ja igiya, ya haƙa rami har gwiwa kamar fandishon gini, ya jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da ƙasa, ya daddaɓe ta da katako har ta yi sheƙi. Safe da yamma bokiti huɗu yake kwarara mata, yadda ake ba sabon daɓe ruwa. Abin da ya ragu a takardar kuwa, ya karkaɗe shi a tarin yashin da ke gefen famfo, inda yake wanke cebur.

Sati uku, ko gashi bai fito ba. Tumbin Kankare ya fara komawa ciki, don girkinsa ko kare sai an roƙe shi. Ya ce iri ne jabu. Ƙanwarsa da ta leƙo ta dubi wurin ta ce ai wannan ba shuka ba ce, jana'iza ce.

Ita ce ta hango kore a tarin yashi, tsiro ya fi talatin. Kankare ya durƙusa ya duba, ya ɓata rai: babu layi, babu tazara, kowa ya fito inda ya ga dama. Ya kai hannu zai tuge su, ta make hannun.

"Yaya, ka taɓa su, kai da ƙonanniyar tukunya har tsufa."

Ya ƙyale su, amma bai yafe musu ba. Bayan wata guda suka buɗe, ja da rawaya, ya aika wa matarsa hoto.

Matar ta iso da jakarta. Ta daɗe a gaban tarin yashin tana murmushi, sannan ta juya ga ƙasar nan mai sheƙi ta tambayi me aka binne. Ya ce waɗancan na gwaji ne, na ainihin suna nan ƙasa. Ta ajiye jakar a ɗaki ta fito.

"Baban yara, ina gudumar take?"

Yanzu rabin tsakar gidan ƙasa ce. Ita ke shuka, shi an bar masa gina ɗan bango a gefe, kuma a miƙe yake sambal. Raminsa ne kawai ya hana a taɓa. Kullum sai ya ba shi bokiti ɗaya, ya ce nasa suna hanya, nisa ne kawai.