Mazarƙwaila Goma Sha Biyar a Hanyar Maraɗi

Mun tashi da asuba daga Makarfi ranar Alhamis, a bayan wata motar rake da ta kwana a tasha bayan cin kasuwa. Mu uku ne: ni, da malamin da ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, da wani tela mutumin Kudan da muka saba gudu tare. Maraɗi muka nufa, can ƙasar Nijar. Surukin malam ne ya aiko da wasiƙa cewa za a yi tseren ƙafa a kan titi, kuma ba a hana baƙo shiga.

Yayana ya rako ni tasha, ba don tafiyar ta yi masa daɗi ba. Ya daɗe yana fama da ni a kan gudun nan. Da ƙuruciya ni ne mai kai saƙon dagaci daga Dandamisa zuwa Ikara ko Kudan, a ƙafa. Da keke ya zo aka sallame ni, amma ƙafafuna ba su ji sallamar ba. Har yau, da furfura a gemuna, in na idar da sallar asuba sai na yi gudu kafin in shiga gona. Na shiga tsere sau biyu a Zariya, sau ɗaya daga Kudan zuwa Hunƙuyi, ban taɓa cin ko sabulu ba.

"Kai fa ka aurar da 'ya," in ji Yaya. "Surukanka na kallonka da gajeren wando kamar ɗan makaranta. An ce akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza. To, in ita ta kai ka, ka ajiye gudun nan har abada."

"In kuma ƙafata ce ta kai ni fa, Yaya?"

"Sai ni in ajiye bakina."

Na ce na yarda. Tun rasuwar mahaifinmu ban taɓa yi masa alkawari na saɓa ba, shi ma ya san haka.

Daga Tashar Yari muka hau titin Kano. Ina zaune a kan rake, ina kallon duwatsun mil suna wucewa. Na san su kamar 'yan'uwana, don a gefensu nake gudu. Al'adata ce in fasa mazarƙwaila ƙanana daidai yawan mil ɗin da zan yi, in zuba a aljihu, duk dutsen da na wuce in jefa ɗaya a baki. In aljihu ya ƙare, gudu ya ƙare. Malam ya duba wasiƙar ya yi lissafinsa, ya ce tseren mil goma sha biyar ne, don haka tun a gida na fasa goma sha biyar na ƙulle a tsumma.

A Kano muka sake mota. Ƙosan kwabo a can bai kai rabin na Makarfi ba, tela ya ce ko da tsinke ake ɗibar ƙullun. Muka kwana Katsina, gari ya waye muka wuce Jibiya. Tun daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Jar ƙasar tamu ta koma rairayi, ɗorawa da mangwaro suka ja baya, sai gawo da goruba jefi-jefi, sama kuwa ta yi faɗi kamar an ɗaga ta. Da muka ƙetare iyaka direba ya bar hannun hagu da ake bi a gida a lokacin, ya koma hannun dama, tela ya ɗauki salati da ƙarfi yana cewa a sauke shi. Sai da jandarma, ɗan sandan can, ya yi dariya. A Maraɗi aka tarbe mu da fura mai sanyi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi. Hausarsu tamu ce, sai dai tana da ɗan lanƙwasa, kuma mu suna ce mana mutanen Ingilishi.

Ranar tsere, da sassafe, aka zuba mu a mota mai rufin tampol aka fitar da mu bayan gari. Daga can za mu gudo mu shigo. Aka busa usur, samari suka ɓace kamar an kore su, tela ya bi su. Ni na kama tafiyata ta kullum.

Ban yi nisa ba sai ga dutsen farko, fari mai jan kai. Na yi mamaki, na jefa mazarƙwaila a baki. Kafin ta gama narkewa ga na biyu. Na uku ya zo ban ko fara gumi ba. Na ce a raina, ikon Allah, yau me ya sami ƙafafun nan? A gida tsakanin dutse da dutse sai na yi hailala ta ishe ni. Nan kuwa su ne ke tahowa suna tarye ni.

Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba, sai dai in kwatanta. Ji na yi shekaru suna zubewa daga kafaɗata ɗaya bayan ɗaya, kowane dutse ya karɓi tasa. Rana ta fito ja a bayan goruba, karan gero yana ƙamshi, wani raƙumi a nesa yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa. Na daina jin gwiwata ta hagu da ke damuna. Na ga kaina ina ɗan shekara ashirin, da takardar dagaci a cikin hula, ina gangara fadamar Furana, raɓa tana jiƙa mini ƙafa, mahaifina yana daga cikin rake yana ɗaga mini hannu. Na ƙara sauri. Na wuce mutum biyar, na wuce tela yana haki, har na ce masa, "Sai ka iso." Ina jefa zaƙi a baki ina murmushi ni kaɗai.

Na sa hannu a aljihu na ciro ta ƙarshe. Ga dutse na goma sha biyar. Na duba gaba, ba gari, ba taro, ba tuta. Titi ne kawai ya miƙe har inda ido ya tsaya.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na durƙusa gaban dutsen na sa yatsa a kan baƙaƙen, kamar yadda malam ya koya mana. Na haɗa su a hankali suka ba ni Maraɗi. A ƙarƙashi kuma ga lamba tara.

Wani dattijo ya iso a kan jaki da itace. Duk da halin da nake ciki na gaishe shi yadda ya dace, ya amsa, ya tambayi mutanen gida.

"Baba, ashe saura tara? Na ƙirga goma sha biyar."

Ya dube ni ya dubi dutsen. "Kai mutumin Ingilishi ne ko? Ai wanga dutsi namu gajere ne, kilomita sunansa. Naku guda ya fi namu guda da rabi."

Nan take shekarun da na zubar suka dawo, kowace ta hau inda ta sauka. Gwiwa ta tuna da ni. Waɗanda na wuce suka zo suka wuce ni. Can baya na jiyo gurnanin mota, na tuna fuskar Yaya a tasha.

Dattijon ya laluba aljihu ya miƙo mini dabino ɗaya. "Ci, amma kada ka tofar da ƙwallon. Riƙe shi a baki, shi zai hana maka ƙishi."

Na tashi. Ban ƙara kallon dutse ba. Na koma gudu irin na da, kafin in san lamba: in zaɓi gawo ɗaya a gaba in ce wurinsa za ni, in na kai in gode masa in zaɓi wani. Motar ta iso ta tsaya a bayana tana rarrafe. Na waiga sau ɗaya, sai ga tela a ciki ya miƙe ƙafa yana shan ruwa.

"Hawo mana, akwai wuri! Ba wanda zai gaya wa Yayanka!"

Na ci gaba da guduna, ƙwallon dabino na bakina. Direba ya danna ham sau biyu, daga baya ya haƙura ya bi ni a hankali kamar mai kora saniya gida. Hasumiyar masallaci ta fito, sannan rumfuna, sannan mutane. Da na isa har an fara naɗe tuta. Malam ne ya tare ni ya riƙe ni, yana ta cewa laifinsa ne da bai gaya mini zancen duwatsun ba. Na ce masa ya bar zancen. Ba don mantuwarsa ba, da ban sake ganin mahaifina a cikin rake ba.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, ina tafiya kamar an ɗaure mini ƙafa da kara. Mun sauka Makarfi da la'asar, muka tarar da Yaya a ƙofar zaure. Bayan an gama gaisuwa ya ce, "Na nawa ka zo?"

"Na ƙarshe, Yaya."

"Da ƙafa ko a mota?"

Tela ya ce, "Da ƙafa, Yaya, ni ne shaida. Daga cikin motar na gani."

Yaya ya juya ya shige gida.

Abin da na koya a tafiyar nan bai da yawa. In ka je ƙasar wasu, karanta dutsensu kafin ka ƙirga shi. Ƙuruciyar da na ara a hanyar Maraɗi kuwa ba ta gaskiya ba ce, amma ban yi da-na-sanin aronta ba.

Bayan mako ɗaya ƙafa ta saki. Na fito da asuba zan kama hanya, sai na ga Yaya zaune a kan buzunsa da carbi. Ya miƙo mini ƙullin tsumma ba tare da ya dube ni ba. Mazarƙwaila ce, an fasa ta ƙanana. Na ce, "Yaya, ai mil shida kawai zan yi."

Ya ce, "Na sani. Na ƙara maka tara."