Dusar Ƙanƙarar da Aka Sa Na Cire

Shekarar da nake digiri na biyu, kullum daga Jushi nake shiga bas zuwa jami'a a Samaru, in zauna gaban wata tsohuwar kwamfuta ina haɗa damina a cikin wata manhaja. Manhajar daga Turai aka kawo ta. Kana ba ta zafi da iska da danshin wuri, ita kuma ta lissafa maka yadda hadari zai haɗu har ruwa ya sauka.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai son a ce ya sani. Kwat yake sakawa a tsakiyar bazara, gumi na bin wuyansa. Wata rana ya leƙo ta kafaɗata, ya ga sashen da ke lissafin dusar ƙanƙara, sai ya tuntsire da dariya.

"Ke, a Zazzau kin taɓa ganin snow? Cire wannan shirmen."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai can ƙololuwar girgije sanyi ne. Ruwanmu da yawa a ƙanƙara yake farawa, a hanya yake narkewa."

"Ni za ki koya wa? Common sense ma ya isa."

Sa hannunsa nake buƙata, don haka na cire. Daminar cikin kwamfuta ta rikice. Hadarin da ya kamata ya daɗe yana zuba sai ya juye lokaci guda ya watse. Na kai masa sakamakon, ko kallon kirki bai yi ba, ya ce Turawa ne ba su san ruwanmu ba. Haushi kamar ya kashe ni.

Ranar kare aiki, baƙon malamin da aka gayyato ya buɗe babi na uku, ya ɗago kai.

"Wa ya ce ki kashe sashen ƙanƙara?"

Na juya na kalli malamina. Yana gyara wuyan kwat, ya girgiza kai cikin tausayi, wai shi uba.

"Wallahi na yi ta gaya mata. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Aka ce in sake aikin daga farko, shekara guda ta tafi. Da muka fito ana yayyafi, malamina ya tsayar da motarsa kusa da ni, ya sauke gilashi.

"Kin gani ko? Nan gaba ki riƙa tambaya."