Baƙin Akwatin Baffa Sale

Wata ranar Alhamis a daminar 1976, ina da shekara tara, ina tankaɗe a tsakar gidanmu da ke Gumel, sai ga Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya shigo da ƙarti biyu suna nishi da wani baƙin akwati mai kusan tsayina. Baffa direban babbar mota ne, yana kwasar shanu daga Maigatari zuwa Kano, kuma a can ya sayo akwatin wajen wani ɗan Damagaram. Gaban akwatin ƙatuwar lasifika ce, ƙasanta da wani rami. Dama Baffa yana da garmaho mai ƙananan lasifika biyu da yake kunnawa da batirin mota. Wannan kuwa, in ji shi, ita za ta fito da kaurin ganga. Saura kwana huɗu sunan ɗansa na fari, ya riga ya cika wa abokansa baki.

Ya tura akwatin lungun ɗakinsa, ya murɗa wayoyi da hannu, ya ɗora faifai. Wallahi abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Ƙananan na waƙa, babbar na gurnani ita kaɗai kamar sa mai ciwon ciki, muryar mawaƙin ta nutse. Kwanukan jeren mai jego suka yi ta kaɗawa, jariri ya ƙwalla ƙara, Inna ta ce, "Sale, wannan ai tashin zuciya ne!"

Washegari ga wari, wani irin ɗoyi mai maƙale wa mutum a maƙogwaro, kuma duk bugun da akwatin ya yi sai ramin ya huro mana shi. Baffa ya kira Malam Idi mai gyaran rediyo. Malam Idi ya sunkuya, ya toshe hanci da hularsa, ya gwada ramin, hannunsa ya ƙi shiga, bayan akwatin kuma an kafe shi da ƙusoshi. Sai duk suka juyo suna kallona.

Na zura hannu har kafaɗa. Na taɓa abu mai laushi da sanyi, na jawo, sai ga mataccen ɓera ya kumbura, gashinsa na saɓulewa a yatsuna, kyankyasai suka biyo damtsena da gudu. Na yi amai a bakin rijiya, na dirje hannun da toka har ya yi ja. Kwana biyu ban iya cin tuwo da shi ba.

Malam Idi ya turara akwatin, ya gano Baffa ya haɗa wayoyin a juye, ya sauya su. Ya janyo shi daga lungu zuwa tsakanin ƙananan biyu, ya yi ta rage ƙarfinsa yana saurare. "In har kana jin inda kaurin ke fitowa, bai zauna ba," in ji shi. Ranar suna kiɗa ya tashi dunƙule guda, mata suka cashe, Baffa na ta washe baki. Ni dai ina can bayan rumbu.

Yanzu jikokina kowa da 'yar wayarsa a kunne, gida shiru, ba mai jin abin da ɗan'uwansa ke ji. Baffa ya daɗe da rasuwa. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, amma da zai sake kirana, da na miƙa hannun.