Awarwaro Shida da Gangar Noma

Jiya jikata ta shigo tana karkaɗa hannu, awarwaron da uwarta ta sayo mata a kasuwar Kankiya suna ta ƙara. Na ce ta cire su, kaina ke ciwo. Ƙarya na yi mata. Kai da kake karanta wannan, kai zan gaya wa gaskiya, tunda ba ka san fuskata ba.

Zamanin Turawa ne, lokacin da siyasa ta fara shigowa ƙasarmu. Ina 'yar shekara tara ko goma, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kusada da Kankiya. Mahaifina shi ke haɗa kan jama'a wa jam'iyyar da sarakuna ba sa son jin sunanta. Bai taɓa tsayawa takara ba, bai iya lacca ba, in ya miƙe a taro har in'ina yake yi. Amma ya san mutane kamar yunwar cikinsa. Ya san wanda ba ya jin maganar kowa sai ta surukinsa, ya san wanda aka ƙwace wa gona ya haɗiye bai ce uffan ba.

A lokacin ba a taro sai da takardar izini, takardar kuwa ko ka kwana a ƙofar ofis ba za ka samu ba. Sai Baba ya koma ga gayya. Wa zai hana mutane su taru da damina su nome wa wata tsohuwa gonarta? Shi ke jera manoma da kansa. Wanda ya riga ya karɓi katin jam'iyya sai a ba shi kunyar noma kusa da ta wanda yake ɗari-ɗari, su duƙa tare, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Kafin su kai ƙarshen kunya an gama magana.

Mai tsaron wannan sirri wani tsohon makaɗi ne, mutumin ƙauyen Ƙofa. Yakan hau suri da gangarsa ta noma yana zuga samari, idonsa na kan hanya. Da ya hango jar rigar dogari sai ya juya kiɗa, kowa ya ja bakinsa, ba ka jin komai sai fartanya. Ni kuma in na kai fura gona sai ya tare ni da tsokana, “Amaryata, yaushe za ki tare? Na gaji da tuwon gwauro.” In murguɗa masa baki, ya yi ta dariya.

Duk wannan na san shi, don da tallar fura nake kai saƙon Baba gida-gida. Allah kuwa Ya yi ni da son yabo da saurin baki.

Wata rana uwargidan dagacinmu ta kira ni, ta saye furata duka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zaunar da ni a tabarmarta, ta zura mini awarwaro shida farare. Sannan ta taɓe baki.

“Ɗiyata, wai an ce babanki ya hi kowa wayo. Ni dai ban ga alama ba, manomi ne kamar kowa.”

Nan take raina ya ɓaci. Na ce, “Wallahi Inna, har dagaci ya hi!” Na kwashe labarin gayya kaf na ba ta, da yadda ake jera kunyoyi, da surin, da juyin kiɗa. Na fito ina taƙama na kare mutuncin ubana.

A gayyar da ta biyo baya, a wata gona wajen Kaikai, dogarai ba su bi hanya ba. Ta korama suka ɓullo, suka ratso cikin dawa ta bayan surin, suka tarar Baba na raba kati. Aka ɗaure shi da igiya a kan idona, alƙali ya yanke masa wata shida.

Mutane kuwa suka ce ganga ba ta juya ba, ashe makaɗi an saye shi. Samari suka fasa gangar. Aka daina kiransa suna da biki, in ya yi sallama a majalisa sai a watse. Ya yi rantsuwa har ya gaji. Bayan girbi ya ɗaure kayansa zai yi arewa wajen Maraɗi, ya biyo ta gidanmu ya yi wa mahaifiyata bankwana daga zaure. Da zai fita ya gan ni a rakuɓe.

“Amaryata, har ke kin yarda ni na sai da babanki?”

Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, na riƙe ta don tsoron bulala. A can Maraɗi ya rasu, bai sake taka Ƙofa ba.

Baba ya fito ya ci gaba da aikinsa har Turawa suka tafi, sunansa ya ƙara girma. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu, yana kwance ciwon ajali, na durƙusa na gaya masa ina kuka. Na zaci zai tsine mini.

“Na sani,” ya ce. “Tun ranar da anka kama ni na ga awarwaro hannunki, ni kuwa ban saya miki ba. In na hwaɗi gaskiya, wa zai ƙara yarda da mutumin da sirri ya hita daga gidanshi? Jam'iyya ta watse ke nan. Na auna, na bar tsohon ya ɗauka.”

Na zo da kunya ɗaya, na tashi da biyu, tawa da ta ubana.

Yanzu gayya ta mutu a wajenmu, siyasa ta koma ta motoci da lasifika. Duk kakar zaɓe 'yan takara sukan zo su durƙusa gabana, su ce ubana gwarzo ne da bai taɓa cin amanar kowa ba, in sa musu albarka. Ni kuma in ce amin. Jikan makaɗin ya dawo, yana sayar da gishiri a kasuwar Kusada, har yau in an yi faɗa da shi akan kira shi jikan munafuki. Yana gaishe ni da ladabi, yana yi mini gyara. Kowace ranar kasuwa nakan ce yau zan gaya masa. Sai in sayi gishirin da ba na buƙata, in koma gida.