Ranar da Kan Jirginmu Ya Mutu

Mu mutanen Garo ba mu da layin dogo. Jirgin ƙasa a baki kawai muke jin sa. Ni ban sa shi a ido ba sai da na shekara ashirin da biyu, lokacin da wani Alhaji, falken shanu a Gwarzo, ya ɗauke mu ni da Baffa mu raka masa bijimai zuwa Kurmi.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni. Mahaifina ya tafi Kurmi da shanu tun ina goye. Abokin tafiyarsa ya dawo da rigarsa da sandarsa, ya ce zazzaɓi ya yi ajalinsa a can. Aka yi zaman makoki, Inna ta yi takaba, daga baya ta auri wani Malami a Unguwar Tudu.

A ƙasa muka koro shanun har Kano. Kan jirgin da zai ja mu tsoho ne, mai shan man gas, fentinsa duk ya koɗe, baƙin mai na tsiyaya daga cikinsa. Da aka tayar da shi, ba a kunne na fara jin rugugin ba, a ƙirjina na ji. Hayaƙi ya turnuƙe, bijimai suka dinga dukan katakon tarago. Baffa yana ta yi mini dariya don na riƙe masa hannun riga.

Mun wuce Zariya, wajen azahar, kan jirgin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Da ƙyar muka gangara wata ƙaramar tasha a daji. Rana ta take, shanu suka fara zaro harshe. Muka ɗauki bokitai muka nufi rijiyar tashar, wadda ke daidai inda kan jirgin ya tsaya. Direban ya buɗe ƙofofin gefen injin, rabin jikinsa na ciki.

Baffa ya ce, “Sannu da aiki, direba. Za mu tashi yau kuwa?”

Bai juyo ba ya ce, “In an yi haƙuri. Iska ce ta shiga bututun mai.”

Sai na ji bokiti ya faɗi. Na waiga na ga Baffa ya yi tsaye, ya ƙura wa direban ido. Direban ya fito da kansa yana goge hannu da tsumma, dogon mutum mai furfura a gemu, da tsagar gidanmu a kumatu.

Baffa ya ce, “Yaya? Kai ne?”

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kira shi da wani sunan yarinta da ban taɓa jin kowa ya kira shi da shi ba. Baffa ya zube a kan tsakuwar dogo yana salati. Ni kuwa tunanina ya tafi ga aljanu, don mun tashi da jin cewa suna zama a irin waɗannan tashoshi.

“Wannan fa?” in ji direban, ya nuna ni da haɓa.

“Ɗanka ne,” in ji Baffa.

Ban gaishe shi ba. Na dafa jikin kan jirgin, ƙarfen ya ƙona mini tafin hannu, amma sai can na ji zafin.

A inuwar injin ya ba mu labari. Zazzaɓin gaskiya ne. Abokin tafiyarsa ya bar shi a asibiti bai san inda kansa yake ba, ya ɗauka ba zai tashi ba. Ya fi shekara kafin ya iya tafiya. Ya zo har kasuwar Gwarzo, fuskarsa naɗe da rawani, a nan ya ji cewa matarsa ta yi aure har tana da ciki.

“Na zauna gindin wata tsamiya har la’asar,” in ji shi. “Na ga in na ƙarasa gida, gida biyu zan rusa. Sai na juya.”

Ya fara da wanke injuna a tashar jirgi, ya zama mataimakin direba, har aka ba shi tuƙi. Yana da mata da ’ya’ya biyar a Kaduna.

Baffa ya ce, “Tsohuwarmu ta rasu tana yi maka sadaka duk Juma’a.”

Direban ya tashi ya koma cikin injin, muka ji yana ta buga famfon mai, ya daɗe fiye da yadda aikin ke buƙata.

Da injin ya kama, ya ce in hau wurinsa. Ɗakin direba ƙunci ne da zafi, ga warin mai, ga ƙarar da sai an ɗaga murya. Na tsaya a bayansa ina kallon hannunsa a kan maɓallin gudu. Yatsunsa irin nawa ne, har lanƙwasar ɗan ƙaramin. A hawa ya saki yashi a kan dogo don ƙafafun jirgin su kama, ya nuna mini yadda ake yi, kamar abin da ya kawo ni ke nan.

Na ce, “Kana shiga Kano?”

“Tunda na fara tuƙi, babu watan da ba na shiga.”

Daga Kano zuwa Garo ba ta kai tafiyar yini a mota ba. A haka muka tafi har Kaduna, inda ya sauka wani direban ya karɓa.

Da muka dawo, Baffa ya ce ni zan gaya wa Inna. Na same ta tana surfe. Ta saurare ni har ƙarshe, taɓarya a hannu, sannan ta jingine ta da turmi a hankali.

“To aurena fa?” ta ce. “Ni da ’ya’ya shida.”

Malam, mijinta, bai ɓoye maganar ba, ko da yake ta girgiza shi. Ya tara malamai, suka ce ’ya’ya nasa ne babu shakka, amma igiyar auren farko tana nan sai mai ita ya sake ta. Aka aika Kaduna. Mahaifina ya zo da kansa. Ranar da ya sauka a Garo, wata tsohuwa da ta gan shi ta yar da tulunta ta shige gidan da ba nata ba. Maza suka yi ta zuwa, kowa sai ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

A zauren Baffa ya furta saki a gaban shaidu. Bai nemi ganin Inna ba, ita ma ba ta fito ba. Ya kwana uku ya koma bakin aikinsa. Inna ta yi idda a gidan yayanta, da furfurarta, sannan aka sake ɗaura mata aure da mutumin da ta shekara ashirin a ɗakinsa. Ƙannena ne suka raba goron.

Na riƙa kai masa ziyara har ya yi ritaya, har ya rasu, ni na yi masa wanka. Ya kyautata mini iyakar ƙoƙarinsa. Amma bakina bai taɓa iya ce masa Baba ba. Alhaji nake ce masa, shi kuma yana amsawa.